Direban Kek Mai Hawa Uku

Maigidana malamin jami'a ne, bincikensa kuma a kan abin da ke sa direba mai hankali ya yi kuskure a hanya. Yakan zauna da 'yan acaba a tasha yana tambayarsu ko sun sami barci, ya je asibiti ya duba irin raunin da hatsari ke bari. Duk abin da ya gano, mu a gida muke fara shan sa.

Motarmu ba ta tashi sai kowa ya ɗaura bel. In yana tuƙi ba ya juyowa ya gaida kowa, ko fasto ne. Daga Kafanchan zuwa Kagoro, inda mahaifiyata take, masu mashin ɗauke da buhunan citta sukan wuce mu suna ɗaga mana hannu. Sau ɗaya Mama ta bi mu jana'iza, muka tarar an gama binnewa, ana raba shinkafa. Ta sauka ta ce, "Surukina, Allah ya yi maka albarka, amma komawa a bas zan yi."

Sai auren 'yar ƙanwata ya taso a Manchok. Matar da ta gasa kek ɗin, mai hawa uku, ta rantse ba za ta ba direban haya ba, domin na baya da ta aika a kwance ya isa. Ana cikin shawara, Mama ta juya ta zuba wa maigidana ido.

Ya ce, "Mama, ni fa a kan rayukan mutane nake aiki."

Ta ce, "To, ka ɗauka mutum ne. Mai ciki ma."

Bai yi wasa da abin ba. Ya tokare kwalin da matasan kai, ya zaunar da ni a gefe in riƙe, kowane rami sai ya sanar da ni kafin mu shiga. Muka isa ko fure ɗaya bai goce ba. Guɗar da matan zumuntar coci suka yi masa, ango bai sami rabinta ba.

Tun daga nan lambar wayarsa ta bazu a majami'u. Yakan yi gunaguni, ya ce karatunsa ba na wannan ba ne, amma kowace Asabar ta biki da asuba yake goge mota. Ladansa yanka ɗaya ne, shi kuwa likita ya hana shi zaƙi. Ni nake cinyewa a hanyar dawowa, a hankali, domin ba na rasa lokaci.