Katunan Malama Kwali

Shekara goma sha tara Malama Kwali tana koyar da Turanci a aji biyu, kuma ba a banza ta ci sunan ba. In ta hango kwali a bola sai ka ce ta tsinci zinariya. Ta yanka, ta rubuta kalma, ta soka masa 'yar ƙusa. Maganaɗisun tsohuwar rediyon mijinta ta ɗaure a zare ya zama ƙugiya. Yaro ya jefa cikin baho, ya kamo kati, ya faɗi kalmar da ma'anarta. Hannu sittin a sama, ihu har ofis.

"Da kifin nan naki na ciwuwa, da tuni mun ajiye tumbi," in ji mijin.

Rannan hedimasta ya kira ta. An turo sabuwar malama mai digiri, ga shi babu ajin da za a ba ta. Sufeto zai zo ranar Litinin, in bai gamsu ba, ajin ya bar hannun Malama Kwali.

Ta dawo ta zazzage katunanta. Wannan maiƙo ya ɓata, wancan ɓera ya ɗanɗana, wani da filasta aka haɗa shi. Kunya ta kama ta. Kwana uku tana duƙe da rula kan farar takarda mai kauri, ta sake su fes, duka ɗari biyu. Tsofaffin ta ba maƙwabciya ta hura gawayi.

Litinin sufeto ya zauna a baya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Zakarar ajin, yarinyar da ba ta taɓa kuskure ba, ta kamo kati. Ta duba gabansa, ta juya bayansa. Ta ɗago ta dubi Malama.

"Karanta mana, 'yar albarka."

"Malama, wannan ba shi da alama."

"Wace alama?"

"Ai mai maiƙo shi ne kujera. Mai cizon ɓera, ƙofa. Mai filasta..."

"Taga!" ajin duka ya amsa, har da tafi.

An gwada yara goma, ko ɗaya bai ciji harafi ba. Sufeto ya rufe biro.

"Ranki ya daɗe, ashe ɓeran ma malami ne. Shi ma a sa shi a takardar albashi."

Yanzu bakin ƙofar makaranta aka ba ta, ita da kujerar roba, tana tare 'yan makara. Rashin ajin ya yi mata ciwo, amma akwai abin da ya fi shi. Tsofaffin ɗalibanta na wucewa, direba ne, mai gyaran famfo ne, su rusuna.

"Mama, ina kamun kifi? Wallahi ke kika koya mana Turanci!"

"Allah ya yi albarka," take cewa.

Can tsallaken titi akwai allon kantin magani, kalma huɗu rak da Turanci. Sau tari takan ɗaga yatsa za ta ce wa ɗayansu ya karanta mata. Sai ta mayar da hannun ta gyara ɗankwali.