Ranar da Baffa Ya Yi Godiya

Yayana ya rasu bara, kwana tara bayan babbar sallah. Tun daga lokacin nake so in rubuta wannan, ina ɗauka ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Gidanmu a Kusfa yake, cikin birnin Zariya. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ƙanensa ne ya riƙe mu, shi muke kira Baffa. Awon hatsi yake yi a kasuwa. Yaya ya girme ni da shekara tara. Dogo ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. A sakandare ya koyi ƙwallon kwando, da ya gama ya samu aikin akawu a wani ofis a Tudun Wada, yana kuma buga wa ƙungiyar garin.

Filin nasu siminti ne, a bayan wata makaranta ta wajen Kufena. Mutanen birni ba su damu da wasan ba kamar ƙwallon ƙafa, amma waɗanda ke zuwa, Yaya suke zuwa gani. Shekara goma sha uku ba a fara wasa yana zaune ba. Ni nake ɗinka musu lamba a bayan riguna, ni kuma nake riƙe masa keke idan ya shiga fili.

Abin da zan faɗa ya faru ne lokacin da naira ba ta daɗe da fitowa ba. Yaya yana da shekara talatin da huɗu, gwiwarsa ta dama tana kumbura bayan kowane wasa. Aka kawo sabon koci, shi kuma ya zo da samari 'yan makaranta masu gudu. Ya mayar da Yaya benci. Sai saura minti huɗu ko biyar a tashi yake sa shi, lokacin da an riga an san wanda ya ci.

Samarin ba su bar shi ba. Wata Asabar yana ɗaure gwiwa da bandeji, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, a kawo maka buta da tabarma ne? La'asar ta kusa."

"Kawo," in ji Yaya. "In na idar sai in koya maka yadda ake jefa ƙwallo a kwando, tun da kai allon bayan kwandon kake jifa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma a hanyar komawa gida bai hau keken ba. Muka tako da ƙafa har ƙofar gari, sannan ya ce, "Minti uku suka ba ni yau. Ko zufa ban yi ba."

A cikin watan nan wani tsohon abokin wasansa ya aiko masa da saƙo daga Kaduna. Shi ke kula da ƙungiyar wani kamfanin saƙa. Ya ce suna neman dogon mutum mai natsuwa, za su ba shi aikin akawu a kamfanin, kuma yana cikin biyar ɗin da za su riƙa fara wasa. Abu ɗaya ake bukata, takardar sallama daga ƙungiyarsa ta Zariya, da sa hannun uban ƙungiya. Ƙarshen wata za a rufe rajistar 'yan wasa. Saura mako biyu.

Uban ƙungiyar wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwar fata. Shi ke saya musu takalma, motarsa ke kai su wasa wasu garuruwa. Abokin mahaifinmu ne, shi ya nema wa Yaya aikin ofis. Yaya ba zai iya duban idonsa ya ce zai tafi ba. Sai ya zauna ya rubuta takardar neman sallama da Turanci, ya zo shagona ya nuna mini. Ya ce gobe zai miƙa wa sakataren ƙungiya ya kai.

Na ce, "Yaya, mutum irin Alhaji ba a aika masa takarda. Zai ce raini ne. Gari duka zai ce ɗan abokinsa ya rubuto masa wasiƙa kamar wani bature."

"To, me zan yi?"

"A tura Baffa. Babba da babba. Ba zai hana Baffa abu ba."

Ya dubi takardar. Ya ninke ta, ya sa a aljihu. Ni na kawo wannan shawara, ba wani ba.

Muka samu Baffa a zaure da safe kafin ya fita kasuwa. Yaya ya durƙusa ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har sau biyu ya ambaci takardar da ƙarshen wata. Baffa yana jan carbi, bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "To." Na san Baffa tun ina rarrafe, ya kamata in ji abin da ke cikin wannan amsa. Ban ji ba.

Ran Alhamis bayan la'asar muka tafi, ni da Baffa. A al'ada wanda maganar ta shafa ba ya zuwa, gida yake zama ya jira. Ni na riƙe ƙunshin goro. Muka tarar da Alhaji a zaurensa da mutane uku, ya sallame su, ya sa aka shimfiɗa wa Baffa buzu kusa da shi. Na zauna can bakin ƙofa wajen takalma.

Suka daɗe suna gaisawa. Suka yi maganar damina, da tsadar dawa, da marigayi mahaifinmu. Sannan Baffa ya gyara murya.

"Alhaji, yaron nan naka ne ransa ya ɗan ɓaci. Yana ganin kamar an ajiye shi gefe, yara sun sha gabansa."

Na jira ya ce takarda. Na jira ya ce Kaduna.

"Subhanallahi," in ji Alhaji. "Malam, ai laifina ne da ban lura ba. Mutumin da ya ɗauki ƙungiyar nan a kafaɗa shekara da shekaru? Ba za a wulaƙanta shi ina raye ba."

Ya leƙa cikin gida ya yi magana, aka fito da wata babbar riga fara mai aiki, sabuwa. Ya ajiye ta gaban Baffa. Ya ce daga yau Yaya ya zama uban yara, zai riƙa zama kusa da koci yana ba da shawara, kowa ya gaishe shi. Ya ce an ɗauke masa wahalar gudu.

Har yau ina ganin Alhaji ya san abin da ya kawo mu. Zariya ba ta da girman da zance zai ɓuya. Amma tun da ba a roƙe shi takarda ba, bai hana kowa komai ba.

Baffa ya shafa rigar da tafin hannu. "Madalla. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ai dama magidanci mai 'ya'ya uku, tsalle-tsalle da gajeren wando a gaban jama'a ya isa haka."

Suka ɗaga hannu aka yi fatiha. Ni ma na ɗaga. Maganar tana bakina, kalma uku ko huɗu ce kawai. Amma ina da shekara ashirin da biyar, kuma ba a taɓa jin irina ya tsoma baki tsakanin dattawa biyu ba. Na shafa.

A hanya na ce, "Baffa, takardar fa?"

Bai juyo ba. "Ka ga mutum ya tufatar da ɗanka, sannan ka ce masa ɗan zai bar shi? Ɗauko rigar da kyau, kar ta taɓa ƙasa."

Yaya yana shagona yana jira, zaune a kan kujerar keken ɗinki, ƙafafunsa sun kai bakin ƙofa. Ya dubi abin da ke hannuna.

"Mene ne wannan?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba.

"Baffa ya yi godiya?"

"Ya yi."

"An shafa fatiha?"

"An shafa."

Bai sake tambaya ba. Ya san abin da hakan ke nufi. Idan yanzu ya koma ya nemi takarda, ya mayar da Baffa maƙaryaci a zauren Alhaji, ya kuma mayar wa Alhaji da kyautarsa a fuska. Mutumin da ya riƙe mu tun muna marayu, da mutumin da ya ba shi aiki.

Saura kwana tara a lokacin. Ran Lahadi abokin nan nasa ya zo daga Kaduna a jirgin ƙasa. Na ji su a zaure.

"Kai, wane irin mutum ne kai? Sa hannu ɗaya ne fa. Tashi mu je tare, ni zan yi magana."

"Ba ka san birni ba."

"Na san gwiwarka. Shekara biyu ta rage maka, ko uku. A benci za ka cinye su?"

Yaya bai tashi ba. Abokin ya sha fura ya koma tasha.

Ana saura kwana biyu na ga Yaya ya sa kaftani ya hau keke ya nufi unguwar su Alhaji. Takardar da ya rubuta tana aljihunsa, na ga bakinta. Bai yi awa ɗaya ba ya dawo. Daga baya wani mai shago a unguwar ya gaya mini cewa ya shiga zauren, Alhaji ya tare shi da fara'a yana cewa ga uban yara, ya tambaye shi ko rigar ta yi. Yaya ya ce ta yi, ya yi godiya ya fito.

Rigar ba ta yi ba. Da ƙyar ta wuce masa gwiwa. Baffa ya ce in ƙara mata tsawo kafin Asabar, don Alhaji zai je kallo. Na nemo yadi mai kama da ita na ƙara taƙi ɗaya da rabi. Wata ya ƙare, aka rufe rajista. Mutanen Kaduna suka ɗauki wani.

Ran Asabar Yaya ya zauna a benci cikin babbar riga da hula. Tun da ya zama uban yara, sakatare ya cire sunansa daga jerin 'yan wasa, minti ukun ma babu. Samarin suka zo ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna gaishe shi. Ba wanda ya yi masa ba'a. Koci bai nemi shawararsa ko sau ɗaya ba.

Wajen ƙarshen wasa ana cin mu da kwando biyu. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce a sa dogon. Wasu suka kama. Na ga Yaya ya dafa benci ya fara miƙewa, kamar yadda ya saba. Sai ya dubi jikinsa, ya koma ya zauna, ya tattara hannun rigar ya ɗora a kafaɗa.

Aka cinye mu. Alhaji ya zo ya riƙe hannunsa a gaban mutane ya ce riga ta yi masa kyau.

Muka tako gida, ina tura keken. Sai da muka shigo lungunmu, muna ganin ƙofar gida, ya tsaya.

"Da ka bar ni na kai takardata," ya ce, "da an zage ni kwana biyu an manta."

Bai ɗaga murya ba. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba har ya bar duniya. Ya je filin Asabar uku bayan wannan, don kar a ce ya raina kyauta, daga nan ya daina. Ni na ci gaba da ɗinka wa ƙungiyar lambobi har shekara shida, domin Baffa ya ce ba a mayar da aikin Alhaji.