Neman Wuri ga Muryar Baba

Kwamfutata ta farko ƙarama ce, fara, ba ta kai allon karatu girma ba. Kawuna ne ya kawo mani ita daga Sakkwato shekarar da na shiga kwalejin horon malamai. Cikinta giga talatin da biyu ne kacal, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta cinye fiye da rabi tun ban ajiye ko harafi ɗaya ba. Duk lokacin da na buɗe ta sai in tarar layin da ke nuna ma'aji ya yi ja. Ban taɓa damuwa ba. Waƙoƙi nake rubutawa a ciki, su kuwa ba su da nauyi.

Damuwar ta zo ne a shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu. A shekarar rashin tsaro ya sa muka baro ƙauyenmu Turba muka dawo cikin garin Isa, a ita kuma Baba ya rasu.

Kwana biyu kafin mu taso, Baba ya kira ni da hantsi ya ce in ɗauko wayata in biyo shi. Gonakinmu uku ba su da takarda. Iyaka a wurinmu tsirin gamba ce, da itace, da abin da dattawa suka riƙe a ka. To dattawan sun fara watsewa, wasu sun tsallaka Nijar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Baba ya bi gefen kowace gona da ƙafa, ni ina baya ina ɗauka. Yakan dafa itace ya faɗi wanda ya shuka shi, da wanda ya tsaya shaida ranar rabo, da gidan da muka yi iyaka da su. Gero ya yi kai a lokacin, yana shafar kafaɗarsa. Bidiyo bakwai muka yi. Wata biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin aro, bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in na lura bayan wayar ya ɗaga. Batirin ya kumbura, kuma da ta ɗan yi zafi sai ta mutu. Bidiyoyin a cikin cikinta suke, ba a memori ba. Babu sabis balle in tura su wani wuri. Mutanen wajen Burkusuma sukan kama layin Nijar, amma hanyar ba ta biyuwa a lokacin. Filashi kuwa na taɓa saye a kasuwa, ya haɗiye mani takardun jarrabawa, ya bar sunayensu babu komai ciki. Ba za ni ba irinsa amanar Baba ba. Saura kwamfutar. Bidiyoyin na bukatar giga tara, ita kuma abin da ya rage mata bai kai ɗaya ba.

Na naɗe ta a mayafi na tafi gidan malamar da ta koya mana kwamfuta a sakandare. Dattijuwa ce, da tafireta ta fara aiki tun ba a haife ni ba, kuma tana da sola a kan rufin ɗakinta. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta yi mani ta'aziyya, ta saurari bayanina har ƙarshe, sannan ta ɗaga kwamfutar da hannu ɗaya tana juya ta.

"Wagga ai faranti ce, ɗiyata. Wa yas sai miki ita, masoyi ko maƙiyi?"

Na ce kawuna ne. Ta ce to Allah ya saka masa da abin da ya yi niyya. Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar.

Ta ture kwaryar gyaɗar gefe, muka zauna a tabarma. Ta ce kada in taɓa waƙoƙina, ko na share su duka ba za su ba ni wurin minti ɗaya na maganar Baba ba. Manhajar ce ta cika ɗakin, kamar baƙuwar da ta zo da kayan da ba za ta taɓa kwancewa ba. Ita za mu rage wa kaya.

Ni ta sa nake dannawa, ita tana nunawa da ɓawon gyaɗa. Muka fara da wasannin da suka zo da kwamfutar, waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Muka cire harsunan da aka zuba mata. Na tsaya ina karanta sunayensu, harsunan ƙasashen da ban san ko akwai gero a cikinsu ba, har Malama ta ce in bar mafarki in danna. Muka kwashe tarkacen da kowace sabuntawa ke bari a baya. Akwai wani babban fayil da kwamfutar ke ajiyewa domin ta tuna inda ta tsaya idan an rufe ta ba a kashe ba. Malama ta hana ta wannan, ta ce daga yau sai in riƙa kashe ta gaba ɗaya. Daga nan ta buɗe wani baƙin shafi ta rubuta layi guda da yatsu biyu, a hankali, tana dubawa a wani tsohon littafinta mai bangon leda. Ta ce wannan zai matse fayilolin manhajar kanta. Damin gero da zangarniyarsa yakan cika rumbu, in an sussuke shi kuwa tsabar ta shige buhu kaɗan, kuma geron bai ragu ba. Sai dai kwamfutar za ta ɗan ƙara nawa.

Matsewar ta ɗauki lokaci. Na taya ta ɓarar gyaɗa, idona na kan fuskar kwamfutar. Da ta gama, jan layin ya koma shuɗi. Giga shida. Saura uku.

Sai Malama ta nuna mani wata folda. Tsohuwar manhajar ce, wadda kwamfutar ta ajiye lokacin da ta sabunta kanta gab da a rufe layi. Amfaninta shi ne idan sabuwar ta rikice a koma mata. Sabuwar kuwa ta riga ta taɓa tsayawa cak sau biyu a hannuna.

"In kinka share ta, babu komawa baya," in ji Malama. "In sabuwar ta taɓu, sai ranar da hanya tab buɗe a kai ta Sakkwato. Ni ba ni danna miki wannan."

Na daɗe hannuna na kan madannai. Inna na tuna. Makullin gidanmu na Turba yana ɗaure a haɓar zanenta tun ranar da muka taso, ko wanka za ta shiga sai ta kwance shi ta ɗaura a wani. Babu wanda ya ce mata ta ajiye. Na ji kamar abin da ake so in yi ke nan, in kwance makulli in jefa rijiya. Na tambayi Malama ko babu wata dabara. Ta ce akwai, in zaɓi bidiyo biyu in bari a wayar. Wato gona ɗaya.

Na yi bisimilla na danna. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata.

Malama ta jiƙa tsumma ta matse, ta shimfiɗa a kan murfin randa, ta ɗora wayar a kai don kada ta yi zafi. Muka haɗa igiya. Bidiyo na farko ya wuce, na biyu, na uku. A na biyar wayar ta mutu. Malama ta ɗauki faifai ta riƙa yi mata fifita kamar jaririya. Aka kira azahar, muka yi salla, muka dawo. Na danna maɓallin gefen wayar, fuskarta ta kawo haske. Na sake tura na biyar tun daga farko, sannan biyun ƙarshe. Malama ta sa na buɗe kowanne a kwamfutar na ja shi har ƙarshensa kafin ta yarda in zare igiyar.

Inna tana cikin takaba, ba ta fita. Na same ta a bakin gado da carbi. Na ajiye kwamfutar a kan kujerar tsugunno na kunna ba tare da na yi bayani ba. Muryar Baba ta cika ɗakin, da ƙarar takalminsa a kan yashi, da kukan kurciya daga nesa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta kalla har ya iso gonar fadama, inda ya dafa aduwa ya ce daga nan iyakar ta miƙe zuwa kwazazzabo.

"Mai da shi baya," ta ce.

Na mayar. Ta sake saurara, ta girgiza kai.

"Ya mance da gawon. Ba ta miƙe ba, sai ta karkata wajen gawon tukuna. Ni nac ce mishi ya shuka gamba wurin, shekarar da anka haife ki."

Na duba ma'ajin. Akwai ɗan wurin da ya rage, kaɗan ne, amma zai ɗauki murya in babu hoto. Na matso da kwamfutar kusa da gwiwarta, na ce ta faɗa yadda ta sani. Ta gyara lulluɓinta, ta fara daga aduwar.

Wayar ta mutu bayan kwana tara, ba ta sake tashi ba. Har yau ba mu koma Turba ba. Fayilolin takwas ne, bakwai nasa, ɗaya nata.