Yunwar Malama Burki

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunta bai san ta da wani suna ba sai Malama Burki. Ɗalibanta ne suka raɗa mata, domin kalmar da suka fi ji daga bakinta ke nan, kuma in ta faɗe ta sai masu tafiya a ƙasa su ma su ci burki. 'Yar bakanike ce, a gareji ta tashi cikin baƙin mai. Ta ja motar 'yan makaranta shekaru da yawa kafin ta koma makarantar koyon tuƙi, inda take zama a kujerar mai zaman banza, ƙafarta kusa da burki na biyu da aka ƙera wa malamai, idonta a kan titi, bakinta a kan ɗalibi.

Tun tana yarinya mai jiki ce. Bayan haihuwa ta uku sai jikin ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Ita kuwa ta koyi riga mutane yin ba'a. In sabon ɗalibi ya shigo ya saci kallonta, sai ta ce, "Kalli gabanka. Motar ta saba da ni, kai ne baƙo." A yi dariya, magana ta wuce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gwiwoyi da suke kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Wata safiya wata ɗaliba ta rikice, ta taka totur a maimakon burki, mota ta nufi katangar makarantar. Malama ta ɗaga ƙafa za ta taka nata, gwiwa ta ƙi, ciki ya tare hanya. Kafin ƙafar ta isa, fitila ɗaya ta tarwatse a jikin bango. Ba wanda ya ji rauni. Manaja ya kira ta ofis, yana ta murza hannu.

"Malama, da ma ina tunanin ko za ki dawo nan ciki ki riƙa karɓar baƙi. Ga fanka, ga kujera mai laushi."

"Kujerar ta gode," in ji ta. "Ni malamar tuƙi ce. Ka ba ni lokaci."

Likitan da aka tura ta wurinsa ya yi gwaje-gwaje, ya ce aikin rage tumbi zai taimake ta. Sai dai akwai sharaɗi. Hantarta ta tara kitse, ta kumbura ta kwanta a kan tumbin, dole ta saɓe kafin a samu hanyar aiki. Don haka makonni kafin ranar tiyata ba shinkafa, ba burodi, ba mai, ba suga. Sai wani gari da ake damawa kamar madara, da romo tsararo wanda ake hango gindin kwano ta cikinsa, da ɗan ganye, da ruwa.

"Ba zan ɓoye miki ba, za ki ji yunwa," in ji likita.

"Likita, na haifi uku, na kuma koya wa surukata tuƙi. Me ya rage a duniya da zai ba ni tsoro?"

Ashe da sauran abin tsoro. Ranar farko ta wuce da cika baki. Ta biyu kai ya fara sara. Zuwa ta uku cikinta na ƙugi har ɗalibi ya rage gudu ya ce kamar injin yana wata ƙara. Yunwar ba a ciki kaɗai ta tsaya ba. Ta shiga ido, ta shiga harshe ta ƙara masa kaifi. Sai a lokacin Malama ta gane cewa da hanci ta san birnin. Hanyar da take bi da ɗalibai kullum, kwanar farko gidan burodi ne, shataletale masu gasa nama, wurin koyon ribas kuma daidai bayan wani gidan abinci da suke soya albasa tun safe. Wani abokin aikinta ya ce ta sauya hanya mana.

"In sauya hanya saboda albasa? Ita ta sauya."

Akwai wani dattijo cikin ɗalibanta, tsohon akawu, wanda sai da ya yi ritaya ya tuna bai iya mota ba. Mutum mai kirki, kullum sai ya zo mata da burodi mai zafi. Ta gaya masa ya daina, ya manta. Ran nan ya ajiye ledar a kujerar baya, gilasai a rufe, ƙamshi ya cika motar tamkar an zuba. Suna cikin tafiya ta ga layin titi ya rabu biyu, zufa ta keto mata.

"Baba, sa sigina, gangara gefe."

Ya gangara, ya kashe mota ba tare da ya yi niyya ba. Ta kafa gorar ruwa a baki, ta jingina kai har duniya ta daina juyawa. Dattijo ya miƙa hannu baya ya jawo ledar.

"'Yata, ki ɗan gutsura ko loma ɗaya. Daga ni sai ke, wa zai sani?"

"Hantata za ta sani, Baba. Gulmammiya ce, likita za ta kai wa rahoto. Fita ka kai shi but ɗin mota, in ka dawo ka gaya mini dalilin da ya sa ka saki kuloci kamar ka taka wuta."

A gida kuma wani yaƙin ne. Mijinta mai gyaran kujeru ne, siriri kamar tsinken tsintsiya, irin mutanen da za su cinye tukunya ba a ga inda ta shiga ba. Tausayi ya sa ya haɗa baki da yaran suka daina cin abinci a gabanta. Wata yamma ta dawo da wuri, ta ji gidan tsit. Ta leƙa bayan gida wajen shanya, sai ga uba da 'ya'ya a tsugune bayan zanin gado, kowa da faranti, suna taunawa a hankali kamar ɓarayi. Autar ta ɓoye cinyar kaza a bayanta.

"Sannunku da aiki," in ji Malama.

Mijin ya miƙe yana goge baki. "Wallahi don kada ranki ya biya ne."

"Baban yara, mutuwa na yi da za a yi mini zaman makoki a bayan gida? Kowa ya ɗauki farantinsa. A tebur za ku ci, ina kallo."

Haka aka yi. Ta zauna a kujerarta da kofin damammen garinta, tana kurɓa tana kallon cinyar kaza ido cikin ido. Girki ma ba ta saki ba, sai dai ba ta ɗanɗanawa. Wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana babu shi sam, ba kuma wanda ya isa ya ce uffan.

Inna da Yaya suka zo ranar hutu. Inna, mahaifiyarta, ta tsufa, ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ta cika kwano. Ta zo da kula, ta buɗe, tururi ya tashi. Da Malama ta ce ba za ta ci ba, sai idon tsohuwa ya ciko.

"Yau ni kike mayar wa da abinci? Dubi yadda idanunki suka faɗa. Haka Allah ya yi ki, haka kakarki take. A kan me za ki kai kanki a yanka da ranki da lafiyarki?"

"Inna, lafiyar ce babu. Kakata kuma kin san shekarar da ta daina tashi daga gado."

Yaya, babbar 'yar'uwarta wadda ba ta taɓa sanin ƙiba ba, ta taɓe baki. "Ni abin da ban gane ba, tunda ga shi kin iya kama bakinki, ki ci gaba a haka mana. Tiyata ai hanyar ragwaye ce."

Malama ta ajiye kofi. "Yaya, wane shayi ne ban sha ba? Wace ɗamara ce ban ɗaura ba? Na yi tattaki har takalmi ya rabu da ni. In sauke kaɗan, ya dawo da 'yan uwansa. Ki zo ki zauna a jikin nan yini ɗaya, ki hau bene da shi, sannan ki gaya mini wane ne rago."

Yaya ta ce ita dai gaskiya ta faɗa. Inna ta rufe kula ta bar ta a kan tebur, ko da za a canza shawara. Mijin ne ya cinye, bisa umarni.

Ranar tiyata ta zo. Malama ta isa asibiti da jakarta, ko ruwa ba ta sha ba. An hau da ita ma'auni, nas ta yaba. Ta zauna jira har rana ta ɗaga. Can nas ta dawo, fuskarta ba daɗi. An yi babban haɗari a hanya, an kwaso mutane, duk ɗakunan tiyata sun cika. An ɗaga aikinta sai wani makon.

"To abincin fa?"

"Sai haƙuri, Malama. Ki ci gaba da yadda kike yi."

Mijin ya ce su tafi gida, ta ce ya wuce da jakar, tana zuwa. Ta tsallaka titi, ta shiga gidan abinci na farko da ta gani, ta zauna a lungu.

"Shinkafa da kaza. A cika."

Aka kawo. Ta ɗauki cokali. Na farko ya wuce ba ta ma ji shi ba. Na biyu ta riƙe shi a baki, ta rufe ido, hawaye suka zubo mata, ita da ba a ganin kukanta. Ta cika na uku ke nan waya ta yi ƙara. Yaya ce.

"Mun ji labari. Alhamdu lillahi! Kin ga ishara ko? Allah ne ya tsare ki. Da ma na san ba za ki iya kaiwa ba, ki dawo gida kawai, Inna ta ɗora tukunya."

Malama ta dubi cokalin da ke hannunta. Wani abu mai zafi ya taso mata wanda ya fi yunwar ƙarfi.

"Yaya, mutanen da aka kwaso jina-jina su ne isharar tawa? Ki ce wa Inna ta sauke tukunya. Sati mai zuwa ina nan, in sun ɗaga in sake dawowa, har sai sun gaji da ganina."

Ta kashe waya, ta ture farantin, ta kira mai hidima.

"Naɗe mini wannan, akwai wani siriri a gida."

Daga nan ta sake tsallaka titi, ta samu nas, ta ce mata ta ci shinkafa cokali biyu, in akwai hukunci a yanke yanzu. Nas ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce cokali biyu ba zai rushe aikin makonni ba, amma kada a yi na uku.

Makon nan ya fi duk na baya tsanani, domin harshe ya tuna abin da ya rasa. Ta yi faɗa da manaja, ta yi faɗa da mai gadi, ta yi faɗa da wata danja da ta daɗe ba ta ba da hannu ba. Ɗalibai suka riƙa shiga mota da addu'a. Amma ko ƙwayar shinkafa ba ta sake kaiwa baki ba.

Da ranar ta zagayo, sai ga Inna a ƙofar asibiti tun kafin su iso, da carbinta, ba kula. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai gyara wa 'yarta wuyan riga, ta ce, "Taurin kan ubanki kika ɗauko. Je ki, Allah ya fito da ke." Aka kawo keken marasa lafiya, Malama ta ce da ƙafarta ta zo, da ƙafarta za ta shiga.

Aiki ya yi kyau. Likita ya ce hantar ta ba da hanya. Warkewar ba ta zo da sauƙi ba. Ta yi kwanaki tana kurɓar ruwa da ɗan ƙaramin kofi kamar mai shan magani, daga baya cokali kaɗan ke cika ta, wani lokacin ta zauna gaban abinci tana kewar cin da take yi a da. Ba ta ɓoye wa kowa hakan ba. Amma suga ya sauka, an rage mata ƙwayoyi, gwiwoyi suka yi shiru, ta koma bakin aikinta.

Bayan wasu watanni ta shiga shagon takalma da autarta. Shekara da shekaru silifa take sawa, don ba ta iya sunkuyawa. Ta nuna wani kambas fari mai igiya. Mai shago ya kawo, ya durƙusa zai ɗaura mata.

"Ɗaga, malam. Ni zan ɗaura."

Ta sunkuya, numfashi na fita da ƙyar, yatsu sun manta yadda ake yi. Ɗaurin farko ya warware. Auta ta miƙo hannu, Malama ta harare ta. Ta sake, ta ja da ƙarfi, ta yi ɗaya ƙafar. Ta miƙe ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ta ce wa mai shago ya zuba silifan a leda, da wannan za ta tafi gida.