Hayaƙi Na Uku

Yayata tana bandar kifi a Gashua tun ina ƙarami. Dokarta ɗaya ce: idan farin hayaƙi ya ƙare, wuta ta nuna. A lokacin take jera tarwaɗa a kan waya, ta rufe ganga da buhu, ta riƙa zura kai ciki tana juyawa.

Da itace ya yi wuya, ta koma sayen wani curi baƙi daga kasuwar Nguru, ɓuntun shinkafa da garin kwal da aka dunƙule. Ba a jima ba ta fara tari.

Ni makanike ne, ba na yarda da abu sai na ga yadda yake aiki. Na sa curi ɗaya a gwangwani, na huda murfin da ƙusa, na ɗora a garwashi, na zauna. Da farko tururi ya fito, ruwa ne kawai. Bayansa farin hayaƙi mai kauri, mai ƙamshin ƙonon gona, na ɓuntun ke nan. Daga nan hudar murfin ta yi shiru. Har na miƙa hannu zan sauke, sai wani siririn hayaƙi ruwan ɗorawa ya fara fita, mai warin ashana. Ya shaƙe ni. Kwal ba ya sakin nasa sai ɓuntu ya gama, daidai lokacin da take zura kai.

Na je na jera mata yadda na gani.

“Yaya, ki ƙara jira. Akwai na uku.”

“Kai da ko shayi ba ka iya dafawa ba, za ka koya mini wuta?”

“Ki shinshina gwangwanin.”

Ta shinshina, ta kawar da fuska.

“Idan na jira wannan ya wuce, rabin wutar ta tafi,” in ji ta. “Kifi kuma ba ya jiran kowa da zafin nan.”

Washegari na biya ta wurinta. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi, iyakar gyaran da ta yi ke nan. Farin hayaƙi ya ƙare, ta ɗage buhun, ta sunkuya. Na tsaya a bayanta ina jin tarin yana amsawa a cikin gangar.