Kogunan Bayan Ɗakin Gwaggo

Gwaggona malamar kimiyya ce har ta yi ritaya, amma ritayar a takarda kawai ta tsaya. A bayan ɗakinta akwai ɗan gangare na rairayi, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Kullum da hantsi takan cika gwangwanin da ta huhhuda da ƙusa, ta ɗaga shi, ta yi wa wurin ruwan sama na ƙarya. Sai ta tsuguna tana kallon ruwan yana zaizayar hanyoyinsa.

"Zo ki gani," takan ce mini. "Ruwa malalaci ne, hanyar da ba za ta ci masa ƙarfi ba yake bi. Ƙananan rafuka su haɗu su yi babba, babban ya nemi ɗan'uwansa. Dubi reshen nan shi kaɗai, kamarsa ɗaya da dukan kogin. Ki ɗauki hoto ba ƙafarki a ciki, kowa zai rantse daga jirgin sama aka ɗauka."

Maƙwabta suna cewa tsufa ne, tsohuwa da wasan ƙasa. Ni abin yana ƙona mini rai, ita kuwa ko a jikinta.

Da aka kwantar da ita asibiti don aikin gwiwa, ɗanta magini ya malale tsakar gidan kaf da siminti, har da gangaren, wai kada ta zame a laka. Na ce masa garin neman gira zai rasa ido, ya ce in rufe masa baki.

Ranar da ta dawo, ya tsaya yana washe haƙora, yana jiran a sa masa albarka. Ta dogara sanda ta zagaya bayan ɗaki, ta tarar siminti ya rufe gangaren. Can ta ce in kawo mata kujera da gudumarsa.

"Inna, don lafiyarki na yi!"

"Lafiyar tawa ce ta ce maka tana son siminti?"

Ta zauna ta hau dukan simintin. Hannun ba ƙarfi, kowane bugu sai ta cije leɓe saboda gwiwar, amma ta ƙi dainawa. Ya yi tsaye yana kallonta, daga bisani ya durƙusa ya kama ƙotar.

"Kawo, za ki warware ɗinkin."

Ba ta saki ba sai da ta dube shi ido cikin ido.

"Daga can sama za ka fara," ta ce. "Kuma a hankali, akwai koguna a ƙarƙashi."