Ƙunshin Tarwaɗa Zuwa Jidda

Shekarar da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, bayan an gama girbi, wani alhaji na Gabi da ya daɗe a Jidda ya dawo gida. Ya biyo ta Madarunfa sauke saƙonni, ya zauna a zauren maƙwabtanmu yana faɗin yadda ya baro kowa. Da ya zo kan wani abokina da ke can sai ya rage murya. Ya ce tari ya kama shi tun bara, ya rame, ya bar wankin motocin da yake yi, kuma ba shi da takardar zama balle ya doshi babbar asibiti. Uwarsa, wadda duk unguwa muke kira Inna, tana bayan zana tana ɓarar gyaɗa, tana jin komai. Hannunta ko tsayawa bai yi ba.

Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutumiyar dā ce, mai alkunya irin ta ainihi. Tare muka tashi da shi, tare muka koyi jefa taru a tafki, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarsa ta rene shi. In ya shigo gida Inna takan kau da kai, in dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce "wancan". Ko ranar da ya tafi ba ta rako shi ƙofa ba. Ni tun ina yaro abin yana ba ni haushi, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba a daɗe ba ta sayar da saniyarta da ƴan awakinta, ta ce umra take so. Kowa ya ce Allah ya yarda, babu wanda ya tambaye ta dalilin gaggawa. Ta aiko uwata ta roƙe ni in raka ta, tunda na shekara ina cika baki cewa zan je in ga abokaina can. Mu huɗu ne sa'anni, uku sun haye, ni kaɗai na rage ina kai kifi kasuwar Maraɗi. Jirgin Yamai ya fi ƙarfinmu a lokacin. Sai wani alhaji na Ɗan Issa, dillalin motoci, ya ce zai kai wata mota Fijo ya sayar a Cadi, kuma ya san mai haɗa takardun umra a Injamena. Ya ce mu shigo, daga can mu hau jirgi.

Kai, wannan hanya! Har yau in na tuna ta bayana ke ciwo. Ɗan Issa, Jibiya, Katsina, Kano, sannan wannan doguwar ta Maiduguri da ba ta ƙarewa. Mota tana zafi muna zuba mata ruwa, taya na fashewa muna fita rana. Ga kuma wari. Inna ta zo da ƙunshin bandar tarwaɗa ta tafkinmu, naɗe cikin takardar siminti da tsohon zane, ta ƙi a sa shi a but ɗin mota, a kan cinyarta yake zaune. Alhaji ya yi mita har ya gaji, ya ce wa zai sayi mota mai ƙarnin kifi. A kowane shinge, ƴan duwan masu binciken kaya ne ko ƴan sanda, sai hancinsu ya kai su wurinta. Ta ba da goronta, ta ba da ƙuli-ƙulinta, har ɗan kwanon shanta wani ya ɗauke, amma ƙunshin nan ba ta bari an taɓa shi ba.

Na lura duk inda muka tsaya sallah ko gyaran mota, sai ta koma gefe, ta juya mana baya, ta sa hannu cikin ƙunshin tana ɗan motsi, tana yar da wani abu ƙasa. Ni kuma bakina ba ya shiru. Na ce, "Inna, ashe ci kike ke kaɗai? Mu da muke shan warin ba za a sam mana ba?" Ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami cikinka ka sani." Ƙafafunta sun kumbura tun kafin Gamboru, takalmi ya daina shiga, amma in ka ce mata sannu sai ta ce ai ba komi. Duk tsawon hanyar nan ta yi min tambaya a kan Ka'aba, a kan zamzam, a kan yadda ake zama cikin jirgi. A kan ɗanta ko sau ɗaya.

A Injamena Alhaji ya sayar da motarsa, tafiyar ƙasa ta ƙare. Mai haɗa takardun ya kawo mana fasfo da biye, wato tikitin jirgi, ya jawo ni gefe ya ce mace ba ta shiga sai da muharrami, don haka ya rubuta cewa ni ɗanta ne. Ya ce in an tambaya mu tsaya a kan haka. Na faɗa wa Inna, ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin ta yarda. Ai kullum "ɗana" take ce min a unguwa.

Da hantsi muka shiga layi a filin jirgi, Alhaji yana tsaye can baya yana jiran ya ga shigarmu. Mai duba takardun ya ji Hausa ƙwarai. Ya dubi nawa, ya dubi nata, ya dube mu.

"Hajiya, wannan ɗanki ne?"

"Ɗana ne," in ji ta. Na saki numfashi.

"Ke kika haife shi?"

Ta gyara ƙunshinta ta ce, "A'a. Ni ban haihe shi ba. Ɗan maƙwabtana ne."

Mutumin nan ba mugu ba ne, na ga yana neman inda zai bi ya taimake ta. Ya ajiye alƙalami ya ce, "To akwai naki can? Miji, ko ƙane, ko ɗa? Faɗa min sunansa." Inna ta sunkuyar da kai. Na yi wuf na faɗi sunan, ya ce ba da ni yake ba, daga bakinta yake so ya ji. Ya sake tambaya. Na ga ta buɗe baki ta rufe. Mutane na bayanmu suna tsaki. Ban sani ba ko sunan zai buɗe mata hanya, tunda mai sunan ma ba takarda gare shi ba, amma ita ce kaɗai ƙofar da aka nuna mana. Ya miƙo mata fasfonta ya ce ta koma gefe.

A gefen nan na yi abin da ba a yi wa babba, na ɗaga mata murya. Na ce, "Haba Inna! Kin sayar da saniya, kin sha wannan azaba, ƙafafunki kamar turmi, a kan kalma ɗaya?" Ta ce, "A hanyar ɗakin Allah zan yi ƙarya?" Na ce to sunan fa, shi ma ƙarya ne? Na ce ni ma na fasa, mu koma tare. Nan ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba.

"Kai za ka tahi," ta ce. "Alhaji ya maishe ni gida."

Aka fara kiran fasinja. Na ce to wane saƙo zan kai. Ta ce in gaida abokinmu tela, ɗan Sarkin Yamma, in gaida ɗayan abokin namu, in ce masa ƙanwarsa ta haihu. In gaida surukarta, matar gidan, in shafa kan ƙaramar jikarta da ba ta taɓa gani ba. In gaida duk maƙwabtansu da suke zaune lafiya da su. Ta tsaya.

"Shi ke nan? Babu saura?"

"Shi ke nan."

Ta ɗora min ƙunshin a hannu ta ce in ba masu gidan. Ta juya tana jan ƙafa zuwa wurin Alhaji, ba ta waiwayo ba.

Wannan ne hawana jirgi na farko, kuma ban ji daɗin komai nasa ba. Mutane na leƙa taga suna salati, ni ina zaune da kifi tsakanin ƙafafuna, kunnuwana sun toshe, raina na tafasa. Na zagi mai haɗa takardu, na zagi kaina, na zagi alkunya da wanda ya fara ta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan shiga ɗaki in dubi mara lafiya in ce uwarsa ta zo har bakin jirgi ta koma, kuma ta gaida kowa ban da shi.

Abokaina biyu suka tarye ni a Jidda. Muka rungumi juna, telan ya ce har yanzu ƙarnin tafki nake yi, na ce shi kuma ya yi tumbi kamar mai ciki. Dariyar ba ta yi nisa ba, don sun riga sun leƙa bayana sun ga babu kowa. Suka kai ni wata unguwa mai lunguna, muka hau bene har saman rufi, inda aka yi ɗakuna da katako. Can yake kwance a kan katifa, fanka na juyawa a kansa. Da ba don idanun ba da ban gane shi ba. Mutumin da yake jan taru shi kaɗai ya koma ƙashi da fata. An sa masa sabuwar riga da hula saboda baƙuwar da ake jira, matarsa ta share ɗaki ta kunna turare. Ya riƙe hannuna, amma ƙofa yake kallo.

"Ina tsohuwa?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba, da haushina da komai. Sannan ya ce, "Mi ta ce?" Na jero masa gaisuwar, ta tela, ta ɗayan, ta matarsa, ta ƴarsa, ta maƙwabta.

"Ni hwa?"

"Ba ta ce komi ba."

Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari, matarsa ta tallabe shi har ya lafa. Ya ce, "Kai har yau ba ka da wayo. Da ka ce ta gaishe ni, da na san ƙarya kake." Ya ce a miƙo masa ƙunshin. Da hannunsa ya kwance zanen, ya buɗe takardar. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya murza, ya ɗauki wata ya murza. An ɓare kifin duka an zare ƙayarsa. Ya ce in tuna lokacin da ƙayar tarwaɗa ta maƙale masa a wuya muna yara, har aka kai shi wurin wanzami. Tun daga ranar, in ji shi, bai ƙara cin kifi mai ƙaya a gidansu ba. Inna ke cirewa a ɓoye, ta ba kakarsa ta miƙa masa. Nan na gane abin da take yarwa a bakin hanya tun daga Jibiya. Na fita waje na yi kuka kamar yaro.

Matarsa ta yi miya da shi a ranar. Ya kai cokali baki, ya ɗan lasa, bai iya haɗiyewa ba. Ya sa aka bar sauran kusa da matashinsa don ya riƙa jin ƙanshin. Na yi umrata, na dawo na zauna tare da su, muna ba shi labarin tafki da na waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure. Ban kai ga barin ƙasar ba ya cika. Mu uku muka bi gawarsa, can aka binne shi.

Labari ya riga ni isa gida, manya sun riga sun faɗa mata, an yi zaman makoki an tashi. Uwata ta ce min babu wanda ya ga hawayenta, ita ke ma ba masu kuka haƙuri. Na je na same ta da la'asar a tsakar gida, ta tsufa a ɗan tsakanin nan, ƙafafun ba su gama sacewa ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta yi min sannu da hanya. Ta tambayi tela, ta tambayi ɗayan, ta tambayi matar, ta ce yarinyar da wa take kama. Na ce da ke. Tana ta tsince tsakuwa daga wake a faifai, ni kuwa na ƙudura ba ni zan fara maganarsa ba.

Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "An ci kihin?"

Na ce, "Da hannunsa ya buɗe, Inna. Ya duba duka, ya ce babu ƙaya ko ɗaya."

Hannunta ya tsaya a kan faifai.

"Babu?" ta ce. "Tun Cadi nake tunani. Cikin sauri na yi, idona kuma ba ya gani sosai. Na ɗauka na bar wata wajen wutsiya."

Na ce ba ta bari ba. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ajiye faifan a ƙasa, ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na zauna ina korar kaji daga waken har aka kira magariba, ba ta fito ba.